Hannu a Kan Waya ta Shida

Ranar da na fara ganin teku a Kotonu, shanun Babana ne suka fara faɗo mini a rai. Na tsaya da akwatin ƙarfe a ka ina kallon ruwa har inda ido ya ƙare, na ce a zuci, duk wannan kuma ba mai jan igiya? Mu a ƙauyenmu, arewa da Dogon Kiriya, rijiyarmu gaba arba'in ce da 'yan kai. A bakinta na tashi tare da Baba, takarkari yana ja, mu muna tarbar guga, tun hantsi har rana ta take, kafin garke ya ƙoshi tafin hannu ya yi jawur. Na sauke akwatin, na durƙusa, na ɗebi ruwan na kai baki. Na tofar da shi nan take. Sai hankalina ya ɗan kwanta, don da mai daɗi ne da ban yafe wa mutanen Kotonu ba.

A shekarun farko na mulkin kai ne. Na gama lakwal, wato firamare, a Dogon Dutsi, na yi makarantar koyon kanikanci a Yamai, sai aka ce wani kamfani mai haƙar man fetur a cikin teku, can ƙasar Gabon, yana neman samari masu takardar kanikanci da ke jin Faransanci. Sharaɗin a fili yake. Gwajin wata uku za a yi. Wanda ya yi, a riƙe shi a koya masa aikin tsayar da jirgi. Wanda bai yi ba, a sallame shi ya koma inda ya fito. Ni kuwa inda na fito na riga na ɓata shi da bakina, don a gaban mutane, a bakin rijiya, na ce ni da igiya har abada. Baba bai yi fushi ba. Cewa kawai ya yi, "To, Arzika, Allah shi kiyaye. Hannunka dai na da kyau ga igiya, amma tunda ka ce." Saboda haka in aka sallame ni, ba gida kawai zan koma ba, bakin rijiyar nan zan koma, gaban mutanen nan.

Cuta ta farko a bakin tashar jiragen ruwa ta same ni. Wani mutum mai kaki da usur a wuya ya tare ni da Hausa tsantsa, har da "ɗan'uwa". Wanda ya kwana huɗu bai ji Hausa ba, in an ce masa ɗan'uwa, ai ya gama narkewa. Ya tambaye ni ina abin ceton raina. Na ce wane iri? Ya kama baki, ya ce ashe ba a gaya mini ba, ba a barin kowa ya hau jirgi sai da abin da zai riƙe shi in jirgi ya nutse. Ya ja ni bayan wani shago, ya fito da robar cikin tayar babbar mota, baƙa, da faci uku, ya hura mini ita da kansa. Na saya, har da godiya. Haka na hau jirgin fasinja, akwati a ka, roba a wuya, ina tafiya a natse kamar mai shiga ofis. Ma'aikatan jirgin suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa. Wasu daga cikin fasinjojin aikinmu ɗaya, kafin mu isa Gabon sunan Arzika ya ɓace, na koma Taya. Na sace iskar robar na cusa ta ƙasan akwati. Haushi ya hana ni jefar da ita.

Kwana biyar muka yi a ruwa, ban san yadda uku daga ciki suka wuce ba. Na taɓa hawan raƙumi mai gardama, na taɓa shiga motar Doso a kan hanyar yashi, amma duk waɗannan suna tsayawa a huta. Teku ba ya tsayawa. Na amayar da abin da na ci, na amayar da wanda ban ci ba, na kwanta ina roƙon Allah ko dai ya tsayar da jirgin ko ya ɗauki raina, duk wanda ya fi sauƙi.

Garin da muka sauka, Fojanti, ban ga komai nasa ba sai ruwan sama da manyan gumagumai suna iyo a bakin gaɓa, kowane ɗaya ya fi rumbunmu kauri. Washegari ƙaramin jirgi ya kwashe mu zuwa wurin aiki.

Jirgin haƙar ba ya kama da jirgi. Faffaɗa ne kamar filin kasuwa, da doguwar hasumiyar ƙarfe a tsakiya, kuma ta ƙarƙashin hasumiyar nan bututu ya sauka ya ratsa ruwa ya shiga ƙasan teku. Rijiya ake haƙawa, iyaka dai tata ba ruwa ake nema ba. Dole jirgin ya tsaya cak a kan bakin ramin, don in ya gusa da 'yan taku kaɗan bututun zai lanƙwashe, in ya ƙara gusawa ya karye, aikin watanni ya lalace, wataƙila har da rayuka. Abin da ke riƙe da shi anka takwas ne, wato manyan ƙugiyoyin ƙarfe da aka kai nesa aka dasa a ƙasan teku, biyu a kowace kusurwa. Daga kowace anka wayar ƙarfe mai kaurin damtsena ta taho har kan injin naɗe ta, kuma kowane inji da agogonsa mai nuna ƙarfin da wayar ke ja. Da aka gama yi mana bayani na ce a raina, ashe sa ne aka ɗaure da turke takwas. Sannan na tsaya na dubi wayoyin nan da kyau. Na gudu daga igiya ɗaya, na zo na tarar da takwas.

Shugaban masu kula da anka wani dattijon Bafaranshe ne da muke kira Jan Gemu. Muryarsa ta fi injin ƙara, kuma yatsu uku ne kawai a hannunsa na hagu. Ranar farko ya tara mu, ya ɗaga hannun nan sama ya juya shi kowa ya gani.

"Waya ce ta ci biyun," ya ce. "Ba ta ƙoshi ba. Duk wanda ya taɓa waya tana ɗaure, zan yi masa kashedi sau ɗaya, zan yi masa sau biyu. Na uku ba magana, jirgin kawo abinci zai koma da shi."

Na gyaɗa kai tare da kowa. Doka ce mai sauƙi, ga kowa ban da ni.

Wanda bai tashi a bakin rijiya mai zurfi ba ba zai gane ba. In guga ya sauka gaba arba'in, ido ba ya ganinsa, kunne ba ya jinsa. Hannu ne kaɗai ke sanin abin da yake ciki. Da hannu za ka san ya taɓa ruwa, da hannu za ka san ya kife ya fara sha, da hannu za ka san ya cika ka kira mai jan sa. In yana gogar bango a hanyar fitowa, ko wani silin igiya ya fara tsinkewa, duk a tafin hannu labarin ke zuwa. Baba yakan rufe mini ido da rawaninsa ya ce in faɗa masa abin da guga ke yi, in na yi kuskure ya ja mini kunne. Shekara goma ina wannan. Sai abin ya zame mini jiki, ba na iya wuce igiya a miƙe ban ɗora mata hannu ba, ko ta shanya ce. Ban ma san ina yi ba.

Kwanana shida a jirgin, ina zuba wa inji na uku man shafawa, sai na ji tsawa a bayana. Na duba, ga hannuna kwance a kan waya kamar na dafa wuyan saniya. Kashedi na ɗaya ke nan. Na biyu ya zo a wata na biyu, kuma shi ya fi ciwo, don a gaban kowa Jan Gemu ya kama wuyan hannuna ya haɗa da nasa mai yatsu uku, ya ce in zaɓi waɗanda nake so a bar mini. Daga ranar na koma tafiya da hannuwa a aljihu. Abokan aiki suka ce Taya ya zama babban mutum, yana zagaya jirgi kamar kwamandan.

Ban da wannan, aikin ya yi mini daɗi, kuma ban ɓoye ba. Injunan nan na san cikinsu kafin wata guda. Jiri ya sake ni. Na ga kifayen da ke tashi sama, na ga wani ƙaton abu ya fito ya fesa ruwa ya koma, aka ce shi ma kifi ne, na ce to. Akwai wani saurayin injiniya, muna ce masa Mai Tabarau, shi ke da agogunan nan takwas da littafinsu. Safe da yamma yakan kafa wani madubin awo ya leƙa hasumiyoyi biyu da aka gina a gaɓa, ya yi lissafi, ya ja layi a takarda, ya ce jirgi yana nan inda yake. Wannan aikin nake so. Nakan ƙirƙiri dalilin wucewa ta bayansa don in leƙa takardar, shi kuwa yakan rufe ta da gwiwar hannu, kamar zan cinye masa layin.

Abin da ya kusa karya ni abinci ne. Rogo da safe, rogo da rana, kifi a kan komai. Ni da aka yaye da fura, wata biyu ban ga ƙwayar hatsi ba. Nakan tsaya a bakin jirgi in rufe ido in ga Inna tana dama fura a ƙwarya, in ji ƙarar ludayi. Kukun jirgin, Mamadu, dattijo ne mutumin Sanagal. Shi ya nuna mini alƙibla ranar da na zo, ya ce in fuskanci inji na biyu, tunda jirginmu ba ya juyawa. Wata Juma'a bayan mun idar da sallar azahar mu biyu, ya ja ni kicin ya rufe ƙofa, ya buɗe wani gwangwani da ke bayan tukwane. Gero ne. Matarsa ce ta ɗaura masa, yana ta lallaɓa shi wata da watanni. Ya dama mini kunu da madarar gwangwani, ya zauna yana kallona. Ƙamshin kawai na ji hawaye suka zubo, ni da gemu ya fara fito mini.

"Sha, ƙanena," ya ce. "Ni ma haka na yi a shekarata ta fari, kuma ni ba wanda ya ba ni."

Saura kwana huɗu gwajina ya cika aka tashi da hadari. Tun safe ruwa ke zuba, iska tana turo manyan igiyoyin ruwa daga yamma, gaɓa ta ɓace gaba ɗaya, ba hasumiya ba alamarta. Mai Tabarau ya naɗe madubinsa, ya ce yau sai dai a dogara da agogo. Bayan azahar aka aike ni in duba man inji na shida, wanda ke kusurwar da iska ke bugu. Ina tafiya jirgi ya yi wani irin tsalle, santsi ya kwashe ni, na fitar da hannu daga aljihu na kama abin da ke kusa. Wayar ce.

Da na saki nan take, da shi ke nan, don ba wanda ya gani. Amma hannun ya riga ya ji abu. Waya mai lafiya, in igiyar ruwa ta zo, takan ɗaure a hankali ta saki a hankali, kamar numfashin mai barci. Wannan kuwa sai ta ɗaure, ta ɗaure, sannan ta yi wata 'yar karkarwa, gir-gir-gir, ta saki farat ɗaya. Na bar hannun. Ta sake yi. Na san wannan karkarwar tun ban san karatu ba, haka igiya ke yi in guga yana jan jiki a bangon rijiya. Abin da ke can ƙarshen wayar nan ba a dashe yake ba, tafiya yake yi. Na dubi agogon injin, allurarsa tana tsaye a inda ake so, ko motsi ba ta yi.

Na koma gefe na tsaya, ruwa yana dukana. In na yi shiru, saura kwana huɗu in ci gwaji. In na faɗa, tambayar farko ita ce yaya aka yi na sani, amsar kuwa ita ce jirgin kawo abinci. Na ga kaina ina sauka daga mota a Dogon Dutsi da akwatin ƙarfe, na ga fuskokin mutanen bakin rijiya ɗaya bayan ɗaya. Wallahi na yi niyyar yin shiru, har na taka taku uku. Sai na hango mutanen da ke aiki a gindin hasumiya, su shida, suna rungume da bututun nan. A gidanmu in ka ji igiya za ta tsinke ba ka tsayawa tunanin wa zai yi maka faɗa, ihu kake yi.

Na sami Mai Tabarau a ɗakinsa, na kira shi Mushe, wato Malam da Faransanci, na ce, "Mushe, anka ta shida tana ja."

Ya leƙa littafi. "Ta shida lafiyarta ƙalau. Ita ce ma ta fi kowace zama daram yau."

"Shi ne abin da ya dame ni, Mushe. Sauran bakwai allurarsu tana rawa da igiyar ruwa. Ita kaɗai ce ba ta motsi."

Ya cire tabarau ya dube ni. Kafin ya yi magana sai ga Jan Gemu a bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya ji ƙarshen zancen.

"Wa ya ce tana ja?"

"Ni ne."

"Da me ka gani?"

Na fitar da hannun dama na nuna masa, ga baƙin man waya shimfiɗe a tafin.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi ja irin haka ba, har ta fi gemun. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Ya juya ya fita da sauri, muka bi shi har inji na shida. Ya tsaya yana kallon wayar, ya dubi agogon, ya ɗan ƙwanƙwasa gilashinsa da yatsa. Allura ba ta motsa ba. Sai ya yi abin da ban taɓa zato ba. Ya miƙa hannun nan na hagu mai yatsu uku, ya ɗora a kan waya, ya rufe ido. Igiyar ruwa ta zo ta wuce. Ta biyu ta zo. A ta uku na ga kafaɗarsa ta motsa.

Daga nan ban san wa ya fara gudu ba. Aka busa ƙaho, aka tsayar da haƙa, aka ɗaure waya ta biyar aka sassauta na ɗaya gefen don a rage wa ta shida nauyi, aka kira jirgin ja ta rediyo ya zo ya ɗaga ankar ya mayar da ita nesa ya sake dasawa. Ni aka ba ragamar inji na biyar, Jan Gemu yana ba ni umarni da hannu, don murya ba ta kai wa. Kafin la'asar ta yi sanyi ruwan ya ɗauke, gaɓa ta fito. Mai Tabarau ya kafa madubinsa ya auna, ya sake aunawa, ya zo ya nuna wa Jan Gemu takardar. Jirgin ya riga ya gusa fiye da rabin abin da bututu zai iya jurewa. Da aka kwance agogon, gishiri ne ya ci cikinsa ya riƙe allurar.

Washegari da hantsi aka ce Jan Gemu yana kirana. Jirgin kawo abinci yana ɗaure a gefe, na gan shi sarai. Na riga na haɗa akwatina. Mamadu ya rako ni har ƙofa yana ta addu'a da harshensu.

"Sau nawa na yi maka kashedi?" in ji Jan Gemu.

"Sau biyu."

"Jiya na nawa?"

"Na uku."

Ya tauna bututun tabarsa. "A ina ka koya?"

Na ba shi labarin rijiya, da takarkari, da rawanin Baba. Ya tambayi zurfinta, na faɗa masa da gaba, ya miƙe hannuwansa ya gwada, ya yi fito. Ya ce kakansa masunci ne, shi ma haka yake jin anka, da tafin ƙafa ma, kuma shi kansa ya iya, amma tun ranar da waya ta ci yatsunsa bai sake taɓawa ba sai jiya.

"Doka doka ce," ya ce. "Za ka kankare tsatsar kusurwar inji na shida kai kaɗai, kwana bakwai."

Na tsaya ina lissafi. Kwana uku suka rage mini a jirgin, yaya za a yi in yi horon kwana bakwai? Sai da na ga gemun yana rawa saboda dariya sannan na gane an riƙe ni. Ya jawo wani sandan ƙarfe mai tsawon kamu biyu daga bayan kujera ya miƙo mini. Ya ce daga yau safe da yamma in zagaya wayoyi takwas, in tsaya bayan shinge, in ɗora bakin sandan a kan waya in ji ta nan, in gaya wa Mai Tabarau ya rubuta kusa da abin da agogo ya ce. In ya sake ganin fatar hannuna a kan waya, shi da kansa zai jefa ni teku, da tayata.

Ban taɓa kankare tsatsa da farin ciki irin na makon nan ba. Ina yi ina waƙar da muke yi wa takarkari. Mamadu ya ƙarar da sauran geronsa a kaina, ya ce ai biki ne. Mai Tabarau kuwa, a rana ta uku ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce in koya masa sandan, shi kuma ya koya mini madubi da lissafi. Ya yi wata biyu kafin ya bambance karkarwar waya da karkarwar inji. Ban ja masa kunne ba, amma na so.

Shekara biyu na yi a jirgin, sannan aka tura ni Faransa karatun injiniyan jiragen ruwa. A can aka kai mu ganin wani sabon jirgin gwaji wanda ba ya bukatar anka ko ɗaya. Farfela ne a gaba da baya da gefe, da na'ura mai ba su umarni, in iska ta tura shi nan su mayar da shi can, ya tsaya a kan rami shi kaɗai. Muka yi ta mamaki. Na tambayi malamin, to ita na'urar yaya take sanin jirgi ya gusa? Ya kai mu gefe ya nuna mana wata siririyar waya da aka saukar har ƙasan teku da nauyi a bakinta, an ɗaure ta tamau. In jirgi ya gusa, wayar ta karkata, na'ura ta ji. Na fashe da dariya ni kaɗai a cikin mutum ashirin. Malamin ya tambayi abin dariya, na ce ba komai, na ga wani ɗan garinmu ne. A kan irin waɗannan jiragen na yi sauran shekarun aikina.

Sai da na shekara huɗu sannan na ga gida. Na zo da rediyo, da turamen zane, da bargo mai laushi. Baba ya karɓa ya sa albarka ya ajiye gefe. Da nake zazzage akwati sai tsohuwar robar nan ta faɗo, ban ma san tana nan ba. Ya ɗauka, ya ja ta, ya shinshina, ya duba facin.

"Wagga fa? Nan ka yi sayayya, Arzika. Guga biyu za ta yi, masu kyau."

Da yamma mutane suka taru a ƙofar gida, har da waɗanda na yi wa cika baki. Baba ya kama hannuna ya juya tafin, ya shafa kantar da ke ciki da babban yatsa.

"Sun ce kai injiniya na. To mi kaka yi can?"

"Rijiya ake ginawa, Baba, cikin teku. Ni ke tsai da jirgi bisa bakinta."

"Rijiya cikin ruwa." Ya dubi mutane, suka dube shi. "To, Allah shi ba su lahiya. Kai da mi kaka tsai da shi?"

Na san inda za a je. Na duba hagu na duba dama, ba mafita.

"Da igiya, Baba."

Dariyar da aka yi ranar har matan cikin gida sai da suka leƙo. Wani tsoho ya ce in maimaita, bai ji ba. Na maimaita, na kuma ba su labarin waya ta shida tun daga farko, na kwaikwayi Jan Gemu da yatsu uku. Baba bai yi dariya sosai ba, yana dai riƙe da hannuna har na gama.

Kwana biyu ya yi yana yanka robar yana ɗinki. A rana ta uku da hantsi muka tafi rijiya, ƙanena Tankari yana jan takarkari. Baba ya ɗaura sabon gugan ya sake shi, igiya ta yi ta gudu har ta tsaya. Ya riƙe ta, ya ɗan girgiza. Na ga yatsunsa suna rawa, abin da ban lura da shi ba a gida. Ya daɗe, fiye da yadda na san shi. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda Tankari ba zai ji ba.

"Tun bara ba ni jin ta kamar da. Taɓa ka ji."

Na ɗora hannu. Ban rufe ido ba, amma rawanin nan na ji shi a fuskata. Can ƙasa, gaba arba'in, gugan ya kife yana sha, yana ƙara nauyi, sai ya nutse ya tsaya.

"Ya cika?"

"Ya cika, Baba."

"To, kira sa."

Na ɗaga murya na yi wa Tankari kiran da ban yi ba shekara da shekaru. Takarkari ya taka, igiya ta miƙe tana ɗiga, muka tsaya mu biyu a bakin rijiya muna jiran guga, hannunsa a kan nawa.